Injin Markaɗen Maman 'Yan Biyu

Ranar Alhamis muke zama. Akwai wani aji a bayan cocinmu a Narayi da yara suka daina shiga saboda rufinsa na yoyo, shi aka ba mu aro. Mukan jawo bencinan yara mu zauna a takure, gwiwoyinmu sun kusa taɓa haɓa, kowace da ɗan ƙullin kuɗinta a bakin zani. Ba wadda take zuwa da sauran ƙarfi a jikinta. Wata daga bakin kaskon ƙosai ta taso, wata ta bar teburin kifi a hannun maƙwabciya, wata da goyo yana ta tsala kuka. Ni a lokacin gwanjo nake sayarwa. Tun da masaƙa ta rufe mai gidana bai sake samun aiki mai ɗorewa ba, sai na koma zuwa Kasuwar Barci a Tudun Wada in zaɓo riguna, in wanke, in goge, in bi gidajen ma'aikata a Barnawa ina sallama.

Wata ƙungiya ce ta zo mana da rancen. Har yau ban san daga inda kuɗinsu yake fitowa ba. Sharuɗɗansu biyu ne. Na farko, rancen na taro ne: idan ɗaya ta kasa biya a makon, sauran za su haɗa su cike. Na biyu, kafin a karɓi kuɗin kowa, sai mun zauna an yi mana darasi a kan cutar ƙanjamau. Da yake na fi yawancinsu shekaru, kuma ina iya karatu da rubutu, sai aka ɗora mini shugabanci ba tare da an tambaye ni ko ina so ba.

Mai yi mana darasin wata yarinya ce siririya da muke kira Sista, ko da yake ba mu taɓa tambaya ko nas ce ba. A keke take zuwa, da naɗaɗɗun takardu masu hotuna a hammata. Tana da haƙuri, ba zan hana ta wannan ba. Ranar da ta fito da wani guntun icce da aka sassaƙa ta ce za ta nuna mana yadda ake sa kwaroron roba, tsofaffinmu suka ja ɗankwali suka rufe fuska, yaran matan kuma suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ta tsaya ta jira muka gama, sannan ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Akwai maganar da take yawan nanatawa. Takan ce dalilin da ya sa aka haɗa rance da darasin shi ne, macen da take jiran a miƙo mata kuɗin cefane ba ta iya cewa a'a, ko ga mijinta ko ga wani a waje. In tana da abin hannunta, za ta iya tsayawa ta ce a je a yi gwaji, ko a sa roba.

Mai kifin nan ta ɗaga hannu ta ce, "Sista, don Allah kin taɓa aure?"

Ta ce, "A'a, Mama, tukuna."

"To," in ji mai kifi, ta gyara zama. Ajin kuwa ya ɗauka da dariya.

Gaskiya don kuɗin muke zuwa. Darasin mun ɗauke shi kamar layin da ake bi kafin a kai ga famfo. Ni kaina ina sauraro ne kamar wadda ake ba wa saƙon wasu, domin mai gidana ba ya wuce bakin ƙofa da rediyonsa. Mutum ɗaya ce na lura ba ta dariya, ba ta kuma gyangyaɗi, ita ce Maman 'Yan Biyu.

Daga wajen Binuwai aka auro ta. Gidan hayarsu yana bayan namu, katanga ɗaya ce tsakani, don haka duk abin da ya faɗi a tsakar gidansu ina jin ƙararsa. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, Hausarta a karkace, in ta rasa kalma sai ta cike da Turancin kasuwa. Mijinta tirela yake ja zuwa kudu. Yakan yi makonni ba ya nan, ya dawo da buhun garin rogo da jarkar manja, ya kwana biyu ya sake tafiya. Abin da ya bari shi za ta yi ta ja har ya dawo, ita da 'yan biyun, mata ne duka, da wani ƙaramin namiji. In tafiyar ta yi tsawo, nakan ji ta da yamma tana daka abin da bai kai a daka ba.

Da rancen farko ta kasa tattasai da tumatir a ƙofar gida. Ta biya tsaf, ba a taɓa cike mata ba. Da aka zo zagaye na biyu sai ta ce ita injin markaɗe za ta saya. A layinmu duka babu inji, mata sai sun taka har bakin titi da bokitin wake a ka. Wasu suka ce aikin maza ne, tayar da shi ma kaɗai sai mai ƙarfi. Ta naɗe hannun rigarta ta nuna musu damtsenta, aka yi dariya, aka amince.

Ni na raka ta Tudun Wada wurin masu gyaran injuna. Sabo ya fi ƙarfinmu, sai muka samu wani tsoho da aka yi wa sabon fenti kore. Ta sa mai shagon ya tayar da shi, ta zuba masarar da ta ƙullo daga gida, ta murza garin a yatsunta, ta ce a ƙara matse shi. Sai da ta gamsu sannan aka ɗora mana a a-kori-kura. Muka tsallako gada tana zaune a baya ta rungume injin kada ya jirkice, rana tana dukanta, ni ina gaba kusa da direba ina waiwayenta.

Daga ranar barcin safe ya ƙare a layinmu. Tun gari bai gama wayewa ba masu ƙosai da alale suke jera bokitai. Bayan su masu kunu, da rana masu tumatir da tattasai, da yamma masu masara. Yaji yakan shiga idonta har ya koma ja, hannuwanta suka yi kanta, in ka yi mata magana sai ka ɗaga murya ko da injin a kashe yake. Amma na ga abin da ban saba gani ba. 'Yan biyun suka daina zama a gida saboda kuɗin makaranta. Ta sayi katifa. Ran Lahadi ta shigo sujada da sabon zani wanda ba kowa ya saya mata ba, tana tafiya a hankali don a gani.

Wata Alhamis Sista ta zo da masu gwaji, aka kafa labule a kusurwar ajin. Ba dole ba ne, in ji ta. Mata suka fara tuna cewa sun bar tukunya a wuta. Maman 'Yan Biyu ce ta fara tashi ta shiga. Da muka kamo hanyar gida ta jawo ni gefe, kusa da wani kango, ta ce mini ba a samu komai a jininta ba.

Na ce, "To mun gode Allah."

Ta ce, "Mama, na yau ne. Na gobe fa?"

Nan ta gaya mini abin da ban sani ba duk da katanga ɗaya ce tsakaninmu. Kusan duk dawowar da mijinta zai yi, bayan ya tafi sai ta kama ciwon mara da ƙaiƙayi, ta je kemis ta sayi ƙwayoyi a ɓoye. Ta san yana da mata a hanya. Ta taɓa ganin ɗan kunne a aljihun wandonsa, ta mayar inda ta gan shi, ta wanke wandon. Ba ta taɓa yi masa magana ba, domin in ya yi fushi ya tafi bai bar komai ba, me za ta ba yara?

"Yanzu ko bai bari ba za mu ci," ta ce. "In ya dawo zan gaya masa. Ko mu je a gwada shi, ko ya sa abin nan."

Na ce ta bi a hankali, ta jira ya ci ya ƙoshi, kada ta yi maganar a gaban yara. Iyakar shawarar da nake da ita ke nan.

Ban ji yadda ta fara ba, amma na ji yadda ta ƙare. Washegarin dawowarsa da hantsi ina shanya kaya sai na ji an yi jifa da kwano, ya bugi katanga. Muryarsa ta tashi, rabi da yarensu rabi da Hausa. Kafin in ɗaura ɗankwali in zagaya, sai ga shi ya shigo gidana ko sallama babu, da fakitin robar a hannunsa. Dogo ne, mai jiki, idanunsa sun kaɗa.

"Madam Shugaba," ya ce, "abin da kuke koya wa matan mutane ke nan a bayan coci?"

Na ce, "Baban 'Yan Biyu, sannu da zuwa. Zauna mana, a kawo maka ruwa."

"Ban zo shan ruwa ba. Matar da na biya sadakinta, yau ita ce za ta miƙo mini wannan? Ni ɗan iska ne? Ko kuwa ita ce take yawo in na juya baya, take so ta rufe?"

"Kai ma ka san ba ta zuwa ko'ina. Daga inji sai coci."

"To ku da kuka ba ta inji, ku ci gaba da riƙe ta."

Ya jefar da fakitin a cikin bahon wankina ya fita. Mai gidana yana zaune a bakin ƙofa, ya rage muryar rediyo har mutumin ya wuce, sannan ya ce mini, ba tare da ya dube ni ba, in fita daga harkar gidan mutane.

Maganar ta kai gaban dattawan coci, shi ya kai ta. Aka kira mu ran wata Asabar. Wani dattijo mai furfura ya yi dogon bayani a kan biyayya da haƙuri, ya ce mace ba ta kafa wa mijinta sharaɗi a ɗaki. Ta durƙusa tana sauraro, kanta a ƙasa. Da ya gama ta ce, "Baba, na ji. Ban ƙi shi ba. Abincinsa yana nan, wankinsa yana nan. Mu je asibiti ni da shi, minti nawa ne? In ba komai, in durƙusa a gaban jama'a in roƙe shi gafara." Dattijon ya dubi mijin. Mijin ya dubi taga. Aka rufe da addu'a, kowa ya kama gabansa, ba a yanke komai ba.

Ta kwashe tabarmarta ta koma ɗakin yara. Shi kuma ya yi abin da ya ce zai yi. Ya daina kawo garin rogo, ya daina barin ko sisi. Yakan dawo ya ci abin da ta dafa, ya yi wanka, ya fita wurin abokai, ya koma hanya ba sallama. Kuɗin haya ya dawo kanta, da na makaranta, da na magani, ga biyan rance duk Alhamis. Abin da Sista ta faɗa ya tabbata, ta iya cewa a'a kuma yaranta ba su kwana da yunwa ba. Sai dai ba wanda ya gaya mana nauyin da ke biyo bayan a'ar. Ta rame, wuyanta ya fito. Ta fara karɓar niƙan da a da take mayarwa, har na dawa mai tsakuwa da ke cinye haƙoran inji.

A cikin damina injin ya tsaya. Mai gyara ya zo ya buɗe ya ce wani ƙarfe ya karye a ciki, sai an nemo a Tudun Wada. Makon nan ba ta da abin biya. Na tsaya a gaban mata na ce sai mu cike mata, kamar yadda muka yi alkawari tun farko. Aka cike, amma ba da daɗin rai ba. Mai kifi tana kwance bakin zaninta tana cewa, yadda kowa zai ji, "Mu da muke haƙuri da namu mazan, mu ne za mu biya wa mai taurin kai." Mako na gaba Maman 'Yan Biyu ta mayar wa kowace abinta, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana godiya.

Akwai ranar da ta zo ta zauna a kan turmina ina guga. Can ta ce, "Mama, ko in haƙura ne? Na gaji. Wataƙila ma ba shi da komai, ni ce nake wahalar da kaina."

In na ce ta haƙura, wani abu ya same ta, da wane ido zan dubi yaranta? In na ce ta dage, ni ba ni nake kwana a tabarma ba. Sai na ce ta ci abinci tukuna, na zubo mata fate. Ta ci, ta wanke kwanon, ta tafi ta tayar da inji. Ba ta sake ta da maganar ba, ba ta kuma koma ɗakin ba.

Haka aka yi ta tafiya har shekara ta kusa zagayowa. Sai wata rana da azahar wani abokin aikinsa ya kawo shi a mota, an kwantar da shi a kujerar baya. Da ƙyar na gane shi. Mutumin da ya cika ƙofar gidana ya koma kamar an zare masa nama, leɓɓansa sun bushe, yana tari mai fitowa daga can ƙasa. Ashe ya jima yana fama da zazzaɓi da gudawa a hanya, yana sayen ƙwayoyi a tasha yana ci gaba da tuƙi, har ranar da ya kasa hawa motar.

Ta kashe inji da markaɗen wata a ciki, ta ba matar haƙuri. Abokin ya riga ya juya da motarsa, sai muka tare keke mai ƙafa uku. Ita ta riƙe shi ta baya, kansa a kafaɗarta, ni na zauna a gefe ina tare ƙafafunsa kada su zame a ramukan hanya. A asibiti aka ɗebi jininsa. Bai yi gardama ba, ba shi da ƙarfin yi. Aka kira su ciki su biyu, ni na zauna a benci ina kallon masu shiga da fita.

Da ta fito ta zauna kusa da ni ta ce, "Yana da shi."

Na kama hannunta.

"Sun sake gwada ni. Babu. Sun ce in dawo bayan wata uku a ƙara dubawa."

Na zaci za ta yi kuka, ko ta ɗaga hannu ta gode wa Allah, ko ma ta ce ai ta faɗa. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta jingina kanta da bango ta rufe ido, har na ɗauka barci ya ɗauke ta. Sai ta ce, "Waken matar nan zai yi tsami a cikin inji."

An kwantar da shi na wani lokaci. Ta raba kanta biyu, safiya a inji, rana a asibiti da kular abinci, yamma a inji. Kuɗin keke kaɗai ya isa ya karya mutum. Maganin cutar kyauta ake ba shi, amma na tarin da na ƙarin jini da abinci mai kyau da likita ya ce a riƙa ba shi, duk daga bakin injin suka fito. 'Yan'uwansa suka zo daga gida, suka zauna kwana biyu suna ci, suka koma suna cewa ita ta yi masa asiri don ta mallake gida. Ba ta gaya musu abin da ke damunsa ba. Ba ta gaya wa kowa ba sai ni, ni ma don ina wurin ne.

Da ta koma gwajin na gaba, babu. Na bayansa ma babu.

Ya warke, a hankali. Maganin yana aiki in ana sha kullum, ita kuwa ba ta bari ya tsallake. Jikinsa ya dawo, ko da yake bai kai na da ba. Amma mai tirelar ya riga ya ba wani, kuma ba wanda ya neme shi. Ya zauna a gida. Da farko a ɗaki yake wuni, daga baya ya fara fitowa ya zauna a benci kusa da inji, yana miƙa mata ruwa, yana ba da canji. Wata rana na ga shi ne yake jan igiyar tayar da injin, ita tana tsaye da hannu a ƙugu. Ban taɓa jin ya ba ta haƙuri ba, ita ma ta ce bai taɓa ba. Ni dai wata safiya na wuce ya ce, "Mama, ina kwana," da murya ƙasa-ƙasa, na amsa, shi ke nan abin da ya shiga tsakaninmu. A asibiti an yi musu bayanin yadda za su zauna tare ba tare da ta ɗauka ba. Ta mayar da tabarmarta ɗaki. Ban tambaye ta komai a kai ba.

Sista ta ji labarin sama-sama, ta haɗa sauran da kanta. Lokacin an ce manyan baƙi za su zo daga inda ake turo kuɗi, ana neman matar da za ta tsaya ta ba da shaida. Ta biyo Maman 'Yan Biyu har bakin inji, ni ina wurin na kawo markaɗe.

"Anti, labarinki shi ne ainihin abin da muke so su ji. In suka ji, za su ci gaba da taimaka wa wasu matan."

"In tsaya in ce me? In ce mijina yana da cuta?"

"Ba sai kin ambaci sunansa ba."

"Sista, miji nawa nake da shi?"

Na ji tausayin Sista, domin ba don kanta take nema ba, kuma abin da ta faɗa gaskiya ne. Baƙin suka zo da farar mota, muka yi anko muka yi musu waƙa. Maman 'Yan Biyu ta tsaya ta ce ta sayi inji, yaranta suna makaranta, ta gode. Suka ɗauke ta hoto tana riƙe da bokiti, suka tafa, suka shiga mota.

Ba a daɗe ba Sista ta zo ta ce aikinsu ya ƙare a unguwarmu, an ce kuɗin ya tsaya. Ta yi mana sallama da idanu jajaye, ta bar mana takardunta masu hotuna, ruwan rufin nan ya lalata su a damina ɗaya. Masu ba da rance ba su ƙare ba, sai ma ƙaruwa da suka yi. Wasu samari ne yanzu suke zuwa a babur, ba darasi, ba labule, ruwan kuɗinsu ya fi na da, in ka makara su tsaya a ƙofar gidanka suna ɗaga murya. Yawancinmu muka janye muka koma adashi tsakaninmu. Yaran matan da suka tare a layin daga baya ba su san an taɓa yin wani zama ran Alhamis ba. Wani lokaci nakan ga ɗaya a cikinsu, mijinta yana aiki a wani gari, tana jiran ƙarshen wata, in ji kamar in kira ta in zaunar da ita. Sai in rasa ta inda zan fara, ga kaya a kaina, ga gwiwa tana ciwo.

Ni ma na rage yawon Barnawa. Dilar gwanjo ta yi tsadar da in ka saya ba ka san ranar da za ka fitar da kuɗinka ba. Fetur kuwa ya kai inda Maman 'Yan Biyu takan tara markaɗen mutum huɗu ko biyar kafin ta tayar da inji sau ɗaya, masu jira suna tsaki. An buɗe wasu injuna biyu a layin. Kunnenta na hagu ya kusa mutuwa gaba ɗaya, kafaɗarta ta dama ba ta ɗaguwa sosai. 'Yan biyun sun gama sakandare, ɗaya tana koyon ɗinki, ɗaya tana jiran sakamako.

Kwanakin baya ta ce mini za ta tafi gida wurin tsohuwarta ta huta, ko wata guda ne. Tun da ta sayi injin ba ta taɓa kwana a wani wuri ba. Mijin ya ce ta tafi, zai riƙe. Na raka ta bakin titi da jakarta, na ce kada ta kuskura ta dawo sai ta yi ƙiba.

Ba ta cika mako ba na ji muryarta ta bayan katanga tana faɗa a kan bel ɗin injin da aka bari ya saki. Na leƙa na ce, "Ke kuma lafiya?"

Ta juyo mini da kunnen da ke ji. Na maimaita.

Ta ce masu ƙosai ne suka yi ta kiranta a waya, wai markaɗensa ba ya laushi, sun fara kai wa na bakin titi. Ta ɗaura tsohon zaninta na aiki a kan na tafiyar, ta ce masa ya matsa, ta sunkuya ta kama igiyar.